Mutumin Litinin

Kafinta ya yi wata huɗu yana tari kafin matarsa ta ji. Ba kurma ba ce, kuma ɗaki ɗaya suke kwana. Abin da zai ƙara ba ka haushi shi ne, a duk asibitin unguwar babu wanda ya kai ta sanin tari, domin da shi take cin abinci. Shekara goma sha shida ke nan tana tsayawa gaban marasa lafiya da safe, kafin likita ya iso, tana koya musu yadda za su gane cuta tun ba ta ci jiki ba. Malama ake ce mata. Likita haka yake kiran ta, mijinta ma haka, har a cikin gida.

Aikinta a tsare yake kamar kantin magani. Litinin ta masu ciwon suga ce, a ɗakin jira na ƙasa, mai benci takwas da taga ɗaya da ta daɗe da ƙin buɗuwa. Alhamis ta masu tarin fuka ce, a rumfar baya inda iska ke shiga ta ko'ina. Kowace rana da littafinta, babban littafi mai hotuna da ake jinginawa a kan tebur ana juya shafi: na Litinin mai shuɗin bango, na Alhamis mai ja. Ba ta taɓa ɗauko wani a madadin wani ba. Ran Litinin za ta ce yawan ƙishirwa, yawan fitsari, ciwon da ba ya warkewa. A duba ƙafa kullum kafin a sa takalmi, a rage zaƙi, a rage tulin shinkafa, a ƙara ganye, a riƙa tafiya a ƙasa. Ran Alhamis za ta ce tarin da ya wuce mako biyu, gumin dare, zazzaɓin yamma, rama, jini a kaki. A iska yake tafiya, ba a kwanon abinci ba. Magani wata shida ne, ko ka ji garau kada ka ajiye. Ta faɗa, ta faɗa, har ta daina jin kanta. Tana iya yin bayanin daga farko har ƙarshe tana tunanin wankin da ta bari a igiya, ba ta tsallake kalma ko ɗaya ba.

Mijinta mutumin Litinin ne. Shekara uku da suka wuce aka gano masa suga, lokacin yana da tumbin da in ya sunkuya ɗaukar ƙusa sai ka tausaya wa wandonsa. Likita ya ce ya rage ƙiba. Kafinta ya ce to, kamar yadda yake cewa to ga komai, amma Malama ta ɗauki maganar kamar mutuncinta aka ɗora a sikeli. Yaya za a ce mai koya wa gari cin abinci ta kasa da na gidanta? Ta canja masa faranti zuwa ƙarami, ta ɓoye gwangwanin suga a bayan tukwane, burodi kuwa yanka biyu, ko ya yi mata kallon maraya ba ta ƙarawa. Shekara biyu da rabi tana wannan yaƙi, tumbin ko gezau. Wata rana har ta ce masa gara ta yi wa bango bayani, don bango ba zai ce mata to ba sannan ya ƙi yi.

Sai ga shi rana tsaka ya fara sauka. Kilo biyu, kilo huɗu, kilo bakwai. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa, bayan mako uku ya ƙara wani. Malama baki har kunne.

"Baban yara, gobe Litinin ka biyo ni asibiti," ta ce da shi.

"Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. So nake su gan ka."

Ya ce to.

Ta kai shi gaban ɗakin, ta sa ya cire takalmi ya hau sikeli, ta karanta da ƙarfi yadda na bencin baya za su ji. "Ku dubi maigidana," ta ce. "Da can ƙofar nan sai ya karkata yake shiga. Ba magani na sirri, ba komai, bin ƙa'ida ne kawai. Ku yi koyi da shi."

Wani direban bas da ke bencin gaba, wanda shi da bin ƙa'ida sai dai gaisuwa daga nesa, ya ɗaga hannu. "Malama, tsakaninki da Allah, abinci kike hana bawan Allah nan ko dukan sa kike yi?"

Ɗakin ya fashe da dariya, aka yi tafi. Kafinta yana tsaye a kan sikeli cikin rigar da ta fara yi masa yawa, fensir a bayan kunne, yana murmushi, yana haɗiye wani abu a maƙogwaro. Daga ranar ya zama kamar ɗaya daga cikin shafukan littafin. Kowace Litinin sai ya bar shago ya zo, a auna shi, a tafa masa, ya koma benci na uku ya zauna a tsakiyar mutane har a gama bayani, a ɗakin nan da tagarsa ba ta buɗuwa.

Kada ka ɗauka Malama ba ta ga komai ba. Ta ga duka, kowanne kuma ta ba shi amsa, da yake ita ba a rasa amsa a wurinta. Tarin, ta ce dusar katako ce, shekara nawa tana ce masa ya riƙa ɗaura ƙyalle a hanci in yana yanka. In ta tashi da safe ta tarar zanin gado ta wajensa sharkaf kamar an yi ɓarin ruwa, ta ce suga ne yake faɗi masa cikin barci, ta fara ajiye masa ƙwayar suga ɗaya a kan sosa, ɗan farantin ɗora kofi, kusa da gado. Ya daina cinye abincin ƙaramin farantin ma, ta ce madalla, ciki ya saba. Da yamma jikinsa ya yi zafi ya kwanta tun rana ba ta faɗi ba, ta ce to mutum ya haura hamsin me ake jira. Duk a cikin shuɗin littafi ta nemo amsoshin, domin a kanta mijinta ɗan shuɗin littafi ne, jan kuwa na wasu mutane ne da ke zuwa ran Alhamis.

Abu ɗaya ne ya ƙi zama. In ta soki yatsansa da safe ta sa a na'ura, lambar sai ƙara hawa take, alhali jiki na sauka. Ta duba, ta sake dubawa, ta canja batir. Sai ta gane, ko kuwa ta ɗauka ta gane.

"Shayi mai zaƙi kake sha a shago," ta ce.

"Ni?"

"A'a, ni. Ina nan ina faɗa wa duniya su yi koyi da kai, kai kana can kana tsoma ni a kunya."

Ya buɗe baki, tari ya riga magana fita. Kafin ya lafa ta ɗauki jakarta ta fice.

Wadda ta fara magana ita ce Inna mai shara, tsohuwar da ke goge ɗakunan asibitin tun kafin a ɗauki Malama aiki. Wata Litinin bayan an watse, Malama na naɗe littafi, Inna ta zo da bokitinta ta tsaya, ta jingina tsintsiya a benci.

"Malama, in ba za ki ji haushi ba."

"Faɗi, Inna."

"Tarin da maigidanki yake yi, na san shi. Na yi shi shekara ashirin da suka wuce. Daga can ƙasa yake fitowa, ba daga wuya ba. Kuma kin ga bayan rigarsa?"

Malama ta ɗaure fuska. Ta ji haushin kuwa, ta ji shi har cikin kunnuwanta. "Inna, kafinta ne. Wuni yake cikin ƙura. Kuma mai suga ne, ramar da kike gani likita ne ya ce ya yi."

"To ai shi ke nan. Ke kika yi karatun."

"Da wani abu ne ai da ni zan fara sani."

"Haka ne," in ji Inna. Ta ɗauki tsintsiyarta ta shiga ƙarƙashin benci na uku, ta daɗe tana goge wurin.

Maganar ba ta sa Malama ta yi tunanin tari ba. Ta dai ƙara mata zafin nema, don ta tabbatar wa kanta cewa matsalar shayi ce. Bayan kwana biyu, da tsakar rana, ta ce wa mai ba da kati za ta je ta dawo, ta hau mota ta nufi shagon mijinta don ta kama shi da kofi a hannu.

Shagon a ƙarshen layin masu walda yake, rumfar kwano ce mai ƙofar ƙarfe. Tun daga bakin layin ta saba jin zartonsa, ranar ba ta ji ba. Ta laɓe a jikin ƙofar ta leƙa. Yana zaune a kan wata ƙofa da bai gama haɗawa ba, hannuwansa biyu a kan gwiwa, zarto a kwance a ƙasa. Kujeru shida na wani aiki suna jere ba baya, ƙura ta lulluɓe su, alamar sun kwana biyu a haka. Ba shayi, ba kofi, sai gorar ruwa. Yana zaune ne kawai yana numfashi, kamar wanda numfashin ne aikin da aka ba shi. Can tari ya taso masa, ya dafe gefen ƙofar, ya yi, ya yi, ya tofar a ƙasa. Sannan ya sa gefen takalminsa ya jawo dusar katako ya rufe wurin, a hankali, yadda mutum ke yin abin da ya saba.

Ta shiga. Bai tashi ba.

"Malama. Daga ina da ranar nan?"

Ta je ta sa nata takalmin ta ture dusar. Ja ne, sabo. Ta ƙara turawa gefe, ga wani da ya bushe ya yi baƙi, ga wani can kusa da ƙafar tebur.

Ta tsaya ta jira ta ji wani abu, tsoro ko kuka ko faɗa. Ba abin da ya zo. Sai ta lura ƙurar ta ɓata mata bakin takalmi, ta lura agogon bangon shagon ya tsaya, ta lura wuyansa ya fito daga riga kamar mariƙin guduma.

"Rufe shagon," ta ce.

Ya ce to.

A ɗakin gwaji ita da kanta ta karɓi ɗan kwalban da ake tofa kaki a ciki, ta rubuta a jiki, ta fita da shi waje inda iska take, ta nuna masa yadda zai ja numfashi sau uku kafin ya yi tarin, da irin muryar da take wa kowa. Mai gwaji ya karɓa, ya dubi rubutun, ya dube ta. Aka ɗauki hoton ƙirji. Washegari sakamako ya fito, ba wanda ya yi mamaki.

Likita ya ɗaga hoton a jikin fitila. Malama ta ga irinsa ɗaruruwa, ba sai an karanta mata ba. Huhun dama daga sama ya zama ramuka, na hagu ma farin ya fara cin sa.

"Tun yaushe yake tarin?" likita ya tambaya.

"Wata huɗu."

"Gumi?"

"Wata uku da rabi. Zazzaɓin yamma wata uku. Kilo goma sha ɗaya ya sauke." Ta jero su tsaf, ba gargada, kamar tana ba da rahoton wani baƙo.

Likita ya ajiye hoton, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi. Mutum ne mai kirki, da ya yi mata faɗa ma da ya fi mata sauƙi.

"Malama, kin fi ni sanin abin da zan faɗa. Mai suga garkuwar jikinsa ba ta da ƙarfi, tarin nan ya fi saurin kama shi, kusan sau uku a kan wanda ba shi da suga. In ya kama shi sai ya hargitsa sugan, shi ya sa lambar take hawa. Sugan kuma in ya hau, sai ya hana jiki yaƙi. Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Yanzu za mu kwantar da shi, mu fara magani yau, mu koma allura don sugan. Amma ba zan ɓoye miki ba, an makara sosai. Makonnin farkon nan su ne za su gaya mana."

"To," in ji Malama. Sai da ta fita ta tuna kalmar mijinta ce.

Aka kai shi ɗakin jinya na sama, na masu tari, gado na kusa da taga. Ta je gida ta haɗo masa kaya: riguna biyu, silifa, buroshi, cokali, na'urar gwajin suga. Ta ga sosar nan a gefen gado da ƙwayar suga a kai, tururuwa sun kewaye ta. Ta kai wurin wanke-wanke ta wanke, ta kife. Ta kira 'yarsu da ke aure a wani gari ta gaya mata, 'yar ta fashe da kuka a waya, Malama ta riƙe wayar tana jira ta gama, tana kallon wani tabo a bango, sannan ta ce mata ta je ta yi gwaji ita da yaranta tunda sun zo hutu watan jiya.

Da safe jami'in bin diddigi ya same ta a ofis da takardarsa. Ita ta koya masa aikin shekara biyar da suka wuce, don haka sai kame-kame yake.

"Malama, kin san tambayoyin. Mutanen gida, mun rubuta. Shago, shi kaɗai yake aiki. Akwai wani wuri da yake yawan zama da mutane a rufaffen ɗaki?"

Ta miƙa hannu ya ba ta biron. Ta buɗe rajistar Litinin ta fara kwafa. Direban bas. Tsohuwa mai sanda da jikarta ke rakowa. Malamin makaranta wanda aka yanke wa yatsan ƙafa. Mai gasa burodi. Matar da ke zuwa da goyo. Mutum talatin da ɗaya, duk masu suga, duk irin waɗanda likita ya ce tarin ya fi so. Rubutun ma ya fi na kullum kyau.

Bayan ya fita ta jawo shuɗin littafin ta buɗe daga baya. Ta san shafin yana nan, ba wai ba ta sani ba. Shi ne na ƙarshe, an zana mutum yana tari a gwiwar hannu, an rubuta a ƙasa cewa duk mai ciwon suga da ya ga tari ya daɗe, ko rama ba dalili, ya nemi gwajin tarin fuka. Kullum kafin ta kai nan motar likita ta shigo, mutane su miƙe su ruga layi, ita kuma ta rufe littafi. Sauran shafukan gefensu ya yi baƙi da yatsunta, wannan kuwa fes yake kamar jiya aka buga shi.

Ran Litinin ta sa aka fitar da benci takwas ɗin zuwa rumfar baya. Mutane suka zo suna ta tambaya, ai yau ba Alhamis ba ce.

"Malama, ina gwanin namu?" in ji direban bas. "Ko ya ƙare gaba ɗaya, iska ta ɗauke shi?"

Wasu suka fara dariya, suka ga fuskarta suka bari.

"Yana sama, an kwantar da shi," ta ce. "Tarin fuka ne. Ramar da na nuna muku ba ta bin ƙa'ida ba ce, ta cuta ce. Ni na kawo shi cikinku, wata uku yana zama da ku a rufaffen ɗaki. Yau ba wanda zai tafi sai an gwada shi."

Matar nan mai goyo ta jawo mayafi ta rufe fuskar ɗanta. Direban ya dubi bencin da Kafinta ya saba zama, ya dubi Malama, ya ce, "Amma ke fa kika ce mu yi koyi da shi."

"Ni na ce."

Ta ɗauka za a zage ta, kuma ta so a zage ta. Ba wanda ya yi. Suka yi layi shiru suna karɓar kwalabe daga hannunta, kowa na kawar da kai. Inna mai shara tana can gefe tana wanke bokiti, ita ma ba ta ɗago ba. Cikin talatin da ɗayan, biyu aka samu da shi, mai gasa burodi da tsohuwa mai sanda, duka a farko-farko. Likita ya ce ba wanda zai iya cewa wa ya ba wa, wataƙila ma a wani wuri suka ɗauka. Malama ta ji maganar, ta gyaɗa kai, ba ta same ta da wani amfani ba.

Haka kwanakin suka riƙa tafiya. Da safe ta yi bayani, da rana ta hau sama, ta ɗaura takunkumi a baki, ta tsaya a kansa ya haɗiye ƙwayoyin, ta soki yatsansa, ta rubuta lamba, ta yi masa allura, ta ba shi abinci a baki. Yanzu roƙon sa take ya ci. Farantin da ta kawo babba ne, irin wanda ta ƙwace masa shekara uku da suka wuce, yana cin cokali huɗu ya kawar da kai. Abokan aiki na tare ta a matakala suna cewa Allah ya ba shi lafiya, tana cewa amin. 'Yarta ta ce mata, "Mama, ke ko kuka ba kya yi?" Ta ce ba ta samu lokaci ba. Gaskiyar ita ce ta nema, a banɗaki, a mota, a gaban tukunya, ta tarar wurin a bushe kamar hannun da aka kwanta a kai.

Kwana goma sha tara Kafinta ya yi a ɗakin. Maganin na kirki ne, an ba shi a kan lokaci, ya warkar da mai burodi da tsohuwar, ya warkar da dubbai kafin su, amma shi ya zo ya tarar babu sauran huhun da zai ceta. A duk kwanakin magana ɗaya suka yi ta kirki, kwana biyu kafin ya cika.

Da la'asar ne. Ta gama goge masa ƙafafu, tana duba tsakanin yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take koyarwa. An sa masa robar iska a hanci.

"Malama."

"Na'am."

"Zauna mana. Tun da kika shigo kike aiki."

Ta jawo kujera ta zauna, tawul a hannu.

"Na ga kina ta cin kanki," ya ce. "Ki daina. Ba ke kaɗai ba ce. Ni na sani."

"Ka san me?"

"Tarin. Tun bai yi wata biyu ba na san ko mene ne." Yana magana yana tsayawa ya nemo iska. "Akwai ranar da aka kira ni gyaran bencin rumfar baya, ƙafarsa ta karye. Alhamis ce. Ina durƙushe can baya ina ɗaure shi, kika fara bayani. Sai na ajiye guduma don kada in dame ki. Wallahi kin iya bayani, Malama. Kika ce tari ya wuce mako biyu, na naɗe yatsa ɗaya. Kika ce gumin dare, na naɗe. Zazzaɓin yamma. Rama. Kafin ki rufe littafin yatsa ɗaya ya rage min, na jini. Shi ma bai daɗe ba ya zo."

Ta dubi tawul ɗin. Ta ninke shi biyu, ta sake ninkewa.

"Ka ji kuma na ce yana warkewa in an zo da wuri."

"Na ji."

"Ka ji na ce a iska yake tafiya."

"Na ji. Wannan kam Allah ya yafe min. Shi ya sa nake haɗiye shi in muna ɗakin, na ɗauka in bai fito ba ba zai kama kowa ba."

"To me ya hana ka faɗa min, Baban yara? Gida ɗaya, gado ɗaya. Kalma ɗaya fa."

Ya lumshe ido har ta ɗauka barci ya ɗauke shi. A gadon can gefe wani yana ta juya cokali a kofi.

"Na yi niyya," ya ce. "Ran Lahadi na ce gobe in mun gama zan gaya miki a hanyar komawa. Sai muka shiga, kika hau da ni sikeli, kika ce ku dubi maigidana." Tari ya tare shi, ta tallafo shi ta riƙe masa kwano har ya lafa, ta mayar da shi kan filo. Ya ɗan huta. "Shekara ashirin da tara muna tare. Ba ki taɓa cuta ta ba, ban ce ba. Amma ban taɓa ganin kin kalle ni yadda kike kallo na a kan sikelin nan ba. Sai na ce bari in ƙara mako ɗaya, wata Litinin ɗin na faɗa."

"Sai wata Litinin ɗin ta zo."

"Sai ki sake cewa ku dubi maigidana."

Ya faɗe shi ne ba da zargi ba, har da ɗan murmushi, kamar mai ba da labarin wani abin daɗi da ya taɓa ci a wani gari. Malama ta ajiye tawul ɗin a kan gwiwarta. Ta matso da kujerar har ta taɓa gadon, ta sunkuyo, ta kafa masa ido, ba don ta duba launin leɓɓansa ko ta ƙirga numfashinsa ba, shi kawai. Ta daɗe a haka tana jira ya gani, amma maganar ta gajiyar da shi, ya riga ya rufe ido.